Ruwan Elda: Aikin Satumba Don Murar Janairu

A can arewacin Jamus, a jihar Shileswik-Holshtain wadda ke kwance tsakanin tekuna biyu, manoma tun zamanin kakanni tudun ƙasa suke tayarwa a kan iyakar gona, su dasa itatuwa a bisansa, itatuwan su haɗu su zama shinge mai rai da ke tare iskar teku. Mutanen wurin suna kiransa kinik. Cikin itatuwan da ke cika wannan shinge akwai wani wanda sau da yawa ba wanda ya dasa shi, tsuntsaye ne suka ci 'ya'yansa a wani wuri suka zo suka yar da irin a nan. Turawan Ingila suna ce masa elda, Jamusawa holunda, masana tsirrai kuma Sambucus nigra. Daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba rassansa kan rusuna saboda nauyin 'ya'ya, baƙaƙe wuluk, ƙanana, kowanne bai fi milimita 5 zuwa 6 ba, ɗaruruwa a gungu guda. Dokar Jamus ta yarda mutum ya ɗebi daidai amfanin gidansa daga 'ya'yan itatuwan daji, muddin wurin ba a hana shigarsa ba. Duk da haka yawancin masu wucewa, a keke ko a mota, ko kallo itacen bai ishe su ba. Sai hunturu ya kankama, hanci ya toshe, sannan su nufi kantin magani su sayi ruwan waɗannan 'ya'ya a 'yar kwalba da tsada. Amma har yanzu akwai gidajen da, da zarar gungun ya fara rusunawa, ake sauko da wata doguwar tukunya daga kan kabad, a tara kwalabe, a nemo tsofaffin tufafin da ba a jin asararsu.

Abin da ya sa nake ganin aikin nan ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau shi ne, elda ba ɗan itacen da ake tsinka a jefa a baki ba ne. Wanda ya cika tafi da ɗanyensa ya ci yana iya kwana yana amai da zawo. A ganyen itacen, da ɓawonsa, da tsinkayen da ke riƙe da 'ya'yan, da 'ya'yan da ba su nuna ba, da 'yan ƙwayoyin da ke cikin kowane ɗa, akwai wani sinadari mai suna sambunigirin, wanda idan ya narke a ciki yakan saki gubar sayanayid. Dangin gubar rogo mai ɗaci ce, wadda ake jiƙawa da matsewa da soyawa don a kore ta. Akwai kuma wasu nau'o'in furotin da ake kira lektin, masu tayar da hanji. Wuta ce ke karya su duka. Don haka kowane mataki, daga gindin itace har zuwa toshe kwalba, yana da dalilinsa, kuma wadda ta san dalilin ba ta tsallake ko ɗaya.

Ilimin farko shi ne sanin itacen kansa. Baƙin elda itace ne sosai, yana iya kai tsawon mita bakwai ko fiye. Ɓawonsa toka-toka ne mai 'yan ƙuraje, in an karya reshe za a ga farin ɓargo mai laushi a tsakiya, ganyensa kuma biyar-biyar ko bakwai-bakwai yake jeruwa a tsinke, in an murza shi wari yake yi maras daɗi. Yana da ɗan uwa mai hatsari, gajeren elda, wanda ya fi yawa a kudancin ƙasar. Shi wannan ba itace ba ne, ciyawa ce mai kauri da ba ta cika wuce tsayin mutum ba, tana mutuwa duk hunturu, 'ya'yanta kuma baƙaƙe ne masu sheƙi har su ruɗi baƙo. Gwanar aikin ba ta buƙatar ta matso kusa kafin ta bambance. Gungun da ya rataya yana kallon ƙasa, nata ne. Wanda ya miƙe tsaye yana kallon sama, ta bar shi inda yake.

Lissafinta kuwa tun watan Yuni yake farawa, lokacin da itacen ke rufe da farin fure mai ƙamshi. Furen ma abin so ne: ana shanya shi don shayin mura, ana jiƙa shi da sukari da lemon tsami a yi abin sha na rani, ana ma tsoma shi a ƙullu a soya. Sai dai duk furen da aka tsinka a Yuni gungun 'ya'ya ne aka rasa a Satumba. Saboda haka takan raba: wannan itacen na fure ne, wancan na 'ya'ya. A lokacin ne kuma take lura da waɗanda ke nesa da babbar hanya da hayaƙin motoci, da waɗanda ba su jingina da gonar da ake yi wa feshin magani ba, da waɗanda rana ke duka sosai, don su ne za su nuna gaba ɗaya ba rabi da rabi ba.

Sanin ranar yanka shi ne abu mafi wuya, domin ba ita kaɗai ke jira ba. Tsuntsaye ma suna jira, kuma garke guda yana iya share itace cikin 'yan kwanaki. In ta yi gaggawa ta kwaso ɗanye, in ta yi jinkiri ta tarar da tsinkaye tsirara. Alamomi take bi. Tsinkayen gungun, waɗanda kore ne a da, sai sun koma ja mai duhu. 'Ya'yan sai sun bar launin ja sun zama baƙi har cikin gungun, ba na waje kaɗai ba, don haka takan ɗaga gungu ta leƙa ƙarƙashinsa. Daga nan ta ɗauki ɗa guda ta matse tsakanin yatsa da babban yatsa. In ruwan ya fito tsarara, ja-ja, da saura. In ya fito da kauri, jini-jini mai duhu, ya rina yatsa nan take, lokaci ya yi.

Da almakashi ake yanka, ba da hannu ba, kuma gungun ake cirewa gaba ɗayansa daga inda tsinkayen suka haɗu. Hannun hagu yana tallafe da shi daga ƙasa, na dama yana datsewa, don nunannun 'ya'ya da ɗan girgiza kaɗan suke zubewa. Wasu kan tafi da sanda mai ƙugiya don jawo reshen sama, a hankali, saboda reshen elda gautsi gare shi, yana tsagewa da wuri. Ba a danna gungu a buhun leda. A kwando mai faɗi ko bokiti ake jera shi sama-sama, kada na ƙasa ya matse ya fara tsami tun kafin a isa gida. Safiyar da babu ruwan sama ake zaɓa, bayan raɓa ta bushe. Kuma ranar da aka yanka, ranar ake dafawa, ko a kai firiza, domin elda ba ya jure jira.

Sai zaman da ya fi kowane tsawo. A tebur ake yinsa, da babbar roba a gaba, da cokali mai yatsu a hannu. Za ta riƙe gungu ta wajen kararsa, kai a ƙasa, can cikin robar don kada 'ya'yan su tarwatse a ɗaki, ta zura yatsun cokalin tsakanin tsinkayen, ta ja ƙasa kamar mai taje gashi. 'Ya'yan su zubo da 'yar ƙara, tsinken ya rage a hannu. Ƙarfin jan shi ne sirrin. In ta ja da ƙarfi, ƙananan tsinkaye za su tsinke su bi 'ya'yan, kuma tsince su ɗaya-ɗaya ya fi aikin farko wuya. In ta ja da sanyin hannu, nunannun za su faɗo, ɗanyun da ke manne sosai su tsaya a tsinke, cokalin da kansa ya yi mata rabin tankaɗen. Wadda ta daɗe tana yi ba ta ko kallon hannunta, hira take yi, gungu na bin gungu. Akwai dabarar da firiza ta kawo: a sa gungun ya kwana cikin ƙanƙara, da safe a murza shi a hankali, 'ya'yan su zube da kansu, ba su fashe ba, ba su rina hannu ba. Sai dai dole a yi sauri, a riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan, don da zarar sun fara narkewa sun fi na ɗanye caɓewa.

Akwai saɓani a nan, kuma tsoho ne. Wasu masu tukunyar tururi suna cewa ba sai an tsefe ba, a datse manyan kara kawai a zuba gungun yadda yake, wuta za ta gama da gubar. Ni ina tare da masu tsefewa. Tsinke yana sa ruwa ɗaci da bauri, kuma in ba a tsefe ba, ba yadda za a yi a ga koren ɗan da ya ɓuya a tsakiyar gungu. Awa biyu na zama da cokali ba su kai kwalba ashirin masu ɗaci tsada ba.

Bayan tsifa sai wanka, wanda shi ma tankaɗe ne. Ana zuba 'ya'yan a babbar roba, a kwarara ruwan sanyi har ya sha kansu, a motsa da tafin hannu sau ɗaya. Nunannu masu nauyi su nutse. Yawancin kore da ja-ja, da guntun tsinke, da busasshen fure, da 'yan ƙwari da gizo-gizon da suka biyo kwando, su taso sama. A kwashe su da rariya, a sake ruwa, a tsane. Abin da ya tsere wa ruwa, ido ke kamawa: takan baza 'ya'yan a faranti mai faɗi, ta bi su da yatsa tana fidda duk wanda launinsa bai cika ba.

Wanda ke ganin wannan duk ɓata lokaci ne, ya tuna da abin da ya faru a gundumar Monterey ta jihar Kalifoniya a watan Agustan 1983. A wajen wani taro a ƙauye aka matse 'ya'yan wani elda na yankin ɗanyu, haɗe da ganye da rassa, aka raba wa mutane ruwan ba tare da ya ga wuta ba. Ba a jima ba aka fara tashin zuciya da amai da ciwon ciki da jiri. Mutum takwas sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su zuwa asibiti. Duk sun warke, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta rubuta labarin don ya zama gargaɗi. A yau da injin markaɗe ya shiga kowane kicin, hanyar gajarta aikin ta ƙara sauƙi, kuma injin yana fasa ƙwayoyin da ya kamata su fita daga tukunya yadda suka shiga.

Yanzu sai tukunyar tururi, wadda Jamusawa da mutanen Finlan da maƙwabtansu suka riƙe sosai. Hawa uku gare ta. Na ƙasa tukunyar ruwa ce zalla. Na tsakiya matarar ruwan 'ya'yan ce: gindinta yana da wani mazurari a kife, buɗe a samansa, ta nan tururi ke hawa, a gefenta kuma akwai 'yar hanci da aka sa wa tiyon roba mai matsewa a baki. Na sama madambaci ne mai huji-huji, nan ake zuba 'ya'yan, a rufe da murfi. Hikimar ƙirar tana cikin wannan mazurari. Tururi yana bi ta cikinsa ya hau, ya ratsa 'ya'yan, zafi ya fasa fatarsu, ruwansu ya ɗiga ƙasa, amma ba ya komawa cikin ruwan da ke tafasa, sai ya taru a kewayen mazurarin yana jiran a buɗe tiyo. Ƙwaya da fata suna nan a sama. Dafawa da tacewa da kashe ƙwayoyin cuta, duk a tukunya guda, a lokaci guda.

Aiki da ita yana son kunne da haƙuri. Ana cika hawan ƙasa da ruwa kusan zuwa wuya, a tafasa, sannan a rage wuta daidai yadda tururi zai riƙa fita ba yankewa. Daga lokacin da tururi ya fara huci ta gefen murfi ake fara lissafi, kusan minti 45 zuwa awa guda. Wannan ya zarce abin da ake buƙata don karya gubar, wato zafin da ya haura digiri 80 na tsawon kamar minti 20. Ba a yawan ɗaga murfi, don kowace ɗagawa tururi ne ya tsere. Ba a juyawa da muciya, ba a dannawa, ko da zuciya ta so a ƙara samun kofi guda, domin dannawa tana tura tsaki cikin ruwan ya yi gurɓi. Babban abin tsoro shi ne ruwan ƙasa ya ƙone ba a sani ba. Wasu kan jefa tsabar kuɗi ko 'yar ƙwallon gilashi a ciki, canjin ƙararta shi ke gaya musu ruwa ya yi ƙasa, su ƙara da tafasasshe daga buta, ba mai sanyi ba, kada tururi ya yanke.

Akwai wani ɗan motsi da nake ƙauna a wannan mataki. Bayan kamar rabin awa, sai ta buɗe tiyo ta tari ruwan farko, kofi ɗaya ko biyu, ba ta kai shi kwalba ba, ta ɗaga murfi ta mayar da shi a kan 'ya'yan. Baƙo zai ɗauka ɓarna ce. Ruwan farko ya ɗigo tun tukunya ba ta gama ɗaukar zafi ba, bai dahu yadda ake so ba, kuma shi ne ya wanke cikin tiyo. Mayar da shi yana ba shi damar sake bin wuta. In yarinya tana koyo a gefe ta miƙa kwalba da wuri, abin da za ta ji shi ne, "A'a, 'yata, wannan na tukunya ne, namu yana tafe." Idan 'ya'yan da ke sama suka sauka suka yamushe, launinsu ya koɗe, tiyo ya koma ɗiga, an gama. Kilo guda na nunannen elda yakan ba da abin da ya haura rabin lita.

Wadda ba ta da wannan tukunya tana bin tsohuwar hanya. Ta zuba 'ya'yan a tukunyar silba da ruwa kaɗan, wanda bai kai ya sha kansu ba, ta bari su yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta minti 20 ko fiye. Ta kifa kujera mai ƙafa huɗu a kan tebur, ta ɗaure kusurwoyin farin ƙyalle da aka tafasa a ƙafafun, ta ajiye kwano a ƙarƙashi, ta juye dafaffen a ƙyallen ta bar shi ya tsane da kansa, ko da zai kwana. Hannu yana ƙaiƙayin ya matse, amma matsi yana gurɓata ruwa. Washegari sai an sake tafasa shi kafin ya shiga kwalba.

Ruwan elda tsura ba shi da daɗin sha. Bauri gare shi, da wani ƙamshin ƙasa-ƙasa mai nauyi wanda ba kowa ke so ba da farko. A nan kowane gida da nasa hannu. Na sha kai tsaye ana sa masa sukari kamar giram 100 zuwa 200 a lita. Mai kauri, wanda za a riƙa tsinkawa da ruwa, yana ɗaukar rabin kilo ko fiye, kuma yawan sukarin yana taimaka masa daɗewa. Da yawa kan yanka tuffa mai tsami su haɗa da 'ya'yan tun a madambaci, don ta sassauta baurin. Wasu su jefa sandar kirfa, da kanumfari uku ko huɗu, da yankan citta. Kanumfari da taka-tsantsan ake sa shi, domin a kwalba ƙarfinsa ƙaruwa yake yi.

Lemon tsami kuwa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Elda ba shi da tsami sosai in aka gwada shi da sauran ƙananan 'ya'yan itace, kuma tsami ne garkuwar duk abin da za a toshe a kwalba. Masu bincike a jihar Mizuri ta Amurka sun auna irin eldan ƙasarsu, suka tarar sau da yawa ma'aunin tsaminsa yana haura 4.6, wato iyakar da in an wuce ta tsamin ya yi ƙaranci, har ƙwayar cutar botulizim mai kisa tana iya hayayyafa a rufaffen mazubi. Shi ya sa mai hankali ba ta rowar lemon tsami, wadda kuma ke da shakka kan tsamin nata takan zuba ruwan a ƙananan robobi ta kai firiza, inda wannan tsoro bai taso ba. Lokacin da lemon ya sauka a tukunya, ido yana ganin aikinsa: baƙin ruwan sai ya waye ya koma ja mai haske. Sinadaran launin, waɗanda ake kira antosayanin, suna sauya kama gwargwadon tsami, shi ya sa ragowar da ke jikin tukunya kan koma shuɗi-shuɗi in ruwan sabulu ya taɓa ta. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne dai wanda ke cikin zoɓo. Saboda ƙarfin launin nan ne manoman jihar Shitayamak ta Ostiriya suke noma elda a manyan gonaki, galibi irin da ake kira Hashbag, ana sayar da ruwansa ga masu rina yogot da alewa da lemon kwalba.

Kwalba ita ce inda aikin yini guda ke tsira ko ya lalace. Ana wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a duba bakinta da yatsa ko akwai tsaga, a tafasa ta minti 10, murafe ma a tafasa su daban. Kuma da zafinta ake cika ta, don gilashi mai sanyi in ya gamu da tafasasshen ruwa fashewa yake yi. Za ta tsayar da kwalbar a cikin wani kwano a kan kujera, ƙasa da tukunya, ba ta riƙe ta da hannu ba. Ta zura tiyo can ciki yadda ruwan zai bi jikin gilashi ya hau ba kumfa, ta cika kusan har baki, don iskar da aka bari a wuya ita ce gidan fumfuna. Ta matse tiyo, ta goge bakin kwalbar da tsabtataccen ƙyalle, ta toshe nan take. Daga cikawa zuwa toshewa bai kamata a yi numfashi uku ba. Yayin da ruwan ke hucewa yana tsukewa, sai ya ja murfin ciki. Tsofaffin murafen roba lotsawa suke yi, na ƙarfe kuma tsakiyarsu ta faɗa da 'yar ƙara. Ana barin kwalabe su huce a inda iska ba ta kaɗawa, washegari a bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Wadda murfinta bai ja ba, ta shiga firij a sha ta a makon. Sauran a rubuta musu shekara, a kai su ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu, domin haske yana cin launi. A can suna kai shekara guda.

Saura wanke-wanke, kuma elda yana da wata mugunta ta ƙarshe. A jikin madambaci da ludayi yakan bar wani koren danƙo mai yauƙi wanda ruwa da sabulu ba sa cirewa, sai ma su baza shi. Man girki ke narkar da shi: a shafa da tsumma, danƙon ya saki, sannan a bi da sabulu. Hannun da ya rine, ɓawon lemon da aka matse ɗazu shi ke goge shi.

Shin yana maganin mura? Turawa sun daɗe da yarda da itacen. A 1631 aka buga littafi guda sukutum a kansa da Latin, na wani likita Bajamushe, Martin Blochwitz, mai suna Anatomia Sambuci. Binciken zamani kuwa bai tsaya a magana ɗaya ba. Wani gwaji a Norwe da aka wallafa a 2004, kan mutum 60 masu mura mai zazzaɓi, ya nuna waɗanda suka sha ruwan elda sun samu sauƙi kusan kwana huɗu kafin sauran. Wani a Ostireliya a 2016, kan matafiya jirgin sama 312, ya nuna bai hana kamuwa ba, amma murar waɗanda suka sha ta fi gajarta da sauƙi. Sai wani a birnin Kilibilan na Amurka a 2020, kan mutum 87, wanda bai ga wani bambanci ba. Duka ukun da elda na kamfani aka yi su, ba da na kwalbar gida ba. A ganina mai gaskiya ba zai ce ya fi haka ba: abin sha ne mai zafi da ke sanyaya maƙogwaro, yana sa majiyyaci shan ruwa da yin gumi, mai yiwuwa kuma yana rage kwanakin ciwo. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, da numfashin da ke sarƙewa, da tsoho ko jaririn da jikinsa ya saki, na likita ne, kuma matan da suka fi kowa iya dafa elda su ne suka fi saurin faɗin haka.

Ranar da aka shigo gida da jiƙaƙƙen takalmi da atishawa, sai a ɗauko kwalba. Kafin a buɗe a dubi murfi: in ya kumbura, ko ya yi huci da aka murɗa, ko an ga fumfuna a wuya, a zubar da duka, ba a ɗanɗanawa. In lafiya lau, a tsinka kashi ɗaya da ruwa kashi biyu ko uku, a ɗumama har ya yi tururi ba tare da ya tafasa ba, a matsa lemon, a bari ya ɗan huce sannan a sa zuma. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan.

A arewacin Jamus ba a tsaya ga sha ba, har miya ake yi da shi, mai zaƙi, ta cin rana. Ana tsinka ruwan, a sa kirfa da ɓawon lemon da yankan tuffa, a dafa har tuffar ta yi laushi ba ta narke ba, a ɗaure da sitaci kaɗan. A gefe a tuƙa tsakin alkama da madara da man shanu, a sauke, a fasa ƙwai a juya da sauri, a riƙa gutsura da cokali biyu ana mulmulawa ana sakawa a ruwan zafi har su taso, sannan a kwashe su zuwa cikin miyar. Ana cinta da zafinta, kuma yara sun fi yarda da ita fiye da kofi.

Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce 'yan kwanaki a firij, musamman mai ƙarancin sukari. Shi ya sa gwanaye ba sa son manyan kwalabe. Ta rabin lita ko ƙasa da haka suke tarawa duk shekara, daidai abin da gida zai shanye kafin mura guda ta wuce.